Mu sayar da gonar Tibiri mu saya wa Yaya maganin da ba ya zubar da gashi?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamin makaranta ne a nan Maradi, lissafi nake koyarwa a kwaleji. Maganar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta 36, ƴaƴanta huɗu, na ƙarshen bai daɗe da yaye ba. Ta ji ƙullutu a nononta na hagu ta yi shiru, sai da hammata ta fara kumbura sannan ta faɗa wa Innarmu. An yanki ɗan nama an aika awo, sakamako ya dawo sankara ce. Likita ya ba mu takardar zuwa Yamai, ya ce shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin sankara, za a fara, daga baya a yi aiki. Ita kuwa ta kafe ba za ta je ba. Ta ga wata maƙwabciyarsu da aka yi wa, gashi ya zube, ta rame, ƙarshe ta rasu. Ga kishiya a gida, ta ce ba za ta zauna ba gashi ba nono ana kallonta ba. Tsofaffi kuma suna ta cewa daji ba ya son allura.

Na yi ta bincike a intanet, na ci karo da wasu magunguna, miltefosine da edelfosine da perifosine, waɗanda aka ce ta maiƙon da ya lulluɓe ƙwayar sankara suke kama ta, ba sa zubar da gashi, ba sa cinye jini. Wani da na samu a WhatsApp ya ce zai kawo mana miltefosine na haɗiya daga Indiya ta Kano, jika 800. Yaya ta yarda da wannan. Inna ta ce a sayar da gonar gadonmu ta Tibiri. Tun da na ba su labarin maiƙon nan kuma an daina sa mata mai a abinci. Mijinta ya ce duk abin da muka yanke shi ke nan. Sati shida ke nan da fitowar sakamako. Mu saya?

Malamin kwaleji, Maradi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ba yayarka lafiya, Ya sa kaffara ce. Kada ku sayar da gonar, kuma kada ku ba mutumin nan ko dala. Da wani ne ya rubuto da sai in tsaya nan in wuce ga maganar tafiya Yamai. Amma kai mai karatu ne, in ban warware maka abin da ka karanta ba, gobe za ka sake buɗe waya ka ci karo da wata takarda da za ta ɗauke maka hankali. Magungunan nan uku da ka lissafa akwai su, masana sun yi shekaru suna aiki a kansu. Inda labarinsu ya ƙare ne mai sayarwa bai faɗa maka ba.

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana lulluɓe da wani tantani mai matuƙar siranta, wanda aka yi da maiƙo rufi biyu, da furotin iri-iri a dashe a cikinsa. Ka ɗauki ƙwayar a matsayin gida, tantanin shi ne katanga da zaure. Ɗan aike ba ya kutsawa cikin gida, a zaure yake sallama, wani ya karɓi saƙon ya miƙa wa na ciki, na ciki ya miƙa gaba har ya isa ga mai gida. Saƙonnin da ke zuwa wa ƙwaya ba su da yawa: ki rabu biyu, ki dakata, ko kuma lokacinki ya yi, ki mutu a maye gurbinki. A ƙwayar sankara, saƙon rabuwa yana ta shigowa ko da babu wanda ya aiko shi, na mutuwa kuma an toshe masa hanya.

Shi maiƙon kansa yana cikin masu miƙa saƙon, abin da ya ja hankalin masu bincike ke nan. A 1988 Lewis Cantley da abokan aikinsa a Amurka suka gano wani furotin da ake kira PI3K. Aikinsa shi ne ya ɗauki wani nau'in maiƙo da ke fuskar ciki ta tantanin, mai suna PIP2, ya maƙala masa ƙarin sinadarin fosfet ya mai da shi PIP3. Da zarar PIP3 ya taru, wani furotin mai suna Akt sai ya taso daga cikin ƙwayar ya manne a wurin, a kunna shi, shi kuma ya ba da umarnin a ci gaba da girma, kada a mutu. A lafiyayyar ƙwaya akwai PTEN da ke bin baya yana cire fosfet ɗin, saƙon ya lafa. In PI3K ya lalace ya ƙi tsayawa, ko PTEN ya ɓace, to ƙwayar ta samu lasisin yaɗuwa.

Yawancin magungunan shimiyo can ciki suke kai hari, kan DNA, wato kundin umarnin da ke cikin ƙwaya, ko kan rabuwar ƙwaya, shi ya sa suke taɓa duk abin da ke saurin rabuwa a jiki: saiwar gashi, ɓargo, fatar baki. Sai masana a Jamus suka ce, me zai hana a ƙera maiƙon jabu, wanda zai shige cikin tantanin ya zauna, ƙwayar ta kasa narkar da shi da wuri? Daga nan aka samu dangin magungunan da ka gani, daga baya kuma aka gano suna dagula wa ƙwayar ƙera maiƙonta na gaskiya, suna kuma hana Akt samun wurin mannewa. Dabara ce mai kyau, kuma gaskiya ne ba su cika taɓa ɓargo ba. A cikin kwalbar gwaji suna kashe ƙwayoyin sankara sosai. A jikin mutum kuwa ga yadda ta kaya.

Miltefosine, Hansjörg Eibl da Clemens Unger ne suka yi aikinsa a garin Göttingen a shekarun 1980. Ba a iya ba da shi ta jijiya, don yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Da aka gwada shi ta baki ga masu sankara, amai da gudawa suka hana a kai adadin da zai yi wa ƙari wani abu, aka haƙura. Abin da ya tsira shi ne ruwan shafawa mai suna Miltex, wanda aka amince da shi a Turai a shekarun 1990, don ƙananan ƙuraje marasa zurfi da sankarar nono ke fesowa a kan fatar ƙirji bayan ta riga ta yaɗu. A wani gwaji da aka buga a 2001, kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da suka shafa shi ƙurajensu sun ragu, kuma tsakatsakin lokacin da ya riƙe ciwon kafin ya ci gaba kwana 56 ne, a kan kwana 21 ga waɗanda suka shafa ruwan da ba magani a ciki. Sauƙi ne na ɗan lokaci a kan fata. Ƙullutun da ke cikin nono da kaluluwar hammata, wannan ruwa bai taɓa kaiwa gare su ba.

To ƙwayoyin haɗiyar da ake kawowa daga Indiya fa? Su ma miltefosine ne, amma na wata cuta dabam. An gano yana kashe ƙwayar cutar kala-azar, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa, mai kumbura saifa. Indiya ta yi masa rajista don wannan cuta a 2002, Amurka ta bi a 2014. Ana shan sa kwana 28, ya ceci rayuka da yawa a can, amma babu wata hukumar magunguna da ta amince a sha shi don sankarar nono. Ke nan ko da mutuminka mai gaskiya ne, ya kawo na ainihi, maganin kala-azar za ku saya da kuɗin gona. Yayarka za ta yi wata guda tana amai, yana iya taɓa mata ƙoda da hanta, kuma in akwai ciki ko aka samu a watannin da ke biye, maganin yana nakasa ɗan tayi. Ƙarin kuma yana nan yana girma. Wannan in na ainihin ne. A Bangaladash a 2008 an raba wa masu kala-azar wasu ƙwayoyi da aka rubuta miltefosine a jikin kwalinsu, da aka auna su a ɗakin bincike ba a sami maganin a ciki ba ko kaɗan. In haka ta faru a cikin shirin gwamnati, ina ga kwalin da zai biyo ta Jibiya da Ɗan Isa a cikin jakar wanda ba ka san fuskarsa ba?

Sauran biyun ba sai na ja ba. Edelfosine ya ba masana ilimi mai yawa, musamman wasu ƴan Sifen da suka nuna yadda yake tattara masu karɓar saƙon mutuwa wuri ɗaya a kan tantani, amma har yau bai zama maganin da ake rubuta wa mara lafiya ba. Perifosine shi ne aka fi sa wa rai. Ya kai matakin gwaji na ƙarshe a kan masu sankarar hanji sama da 400, a 2012 sakamako ya nuna bai ƙara musu kwana ba. A 2013 aka dakatar da gwajinsa a kan sankarar ɓargo, don an ga ba inda za a je. Duk wanda ya ce zai sayar maka da ɗayan biyun nan, ka san da wa kake magana.

Hanyar kanta ba ta mutu ba, masu bincike sun sake mata dabara. Maimakon a cusa maiƙon jabu, sai aka ƙera magungunan da ke kama furotin ɗin kai tsaye. Alpelisib, wanda ke toshe PI3K, ya samu amincewa a Amurka a 2019. Capivasertib, mai toshe Akt, a 2023. Duka biyun na sankarar nono ne, kuma na san idonka ya buɗe da jin haka, to saurara. Ana ba da su ne ga wadda sankararta ta riga ta yaɗu, mai jin hormon, wato wadda sinadarin jikin mata ke ciyar da ita, bayan maganin hormon na farko ya gaza, kuma sai an auna ƙarin an ga yana ɗauke da irin lalacewar da maganin ke nema. A babban gwajin alpelisib, ciwon ya tsaya cik na wata 11 a tsakatsaki, a kan wata 5.7 ga waɗanda aka ba maganin hormon shi kaɗai. Fiye da rabin masu shan sa sukarin jininsu ya hau, ga gudawa ga ƙuraje. Tsadarsu kuwa, gonar Tibiri ba za ta kai ku ko'ina ba. Magunguna ne na jinkirta ciwon da ya wuce warkewa. Yayarka, bisa abin da ka rubuto, likita shirin shimiyo da aiki yake yi mata, wato yana ganin akwai abin da za a cire a kuma yi fatan rabuwa da shi. Matsayinta ya fi na masu shan waɗancan, in dai ba a bar lokaci ya ƙwace shi ba.

Yanzu ɗauko takardar sakamakon nan ka duba. Ka nemi layi uku: RE, RP da HER2. RE da RP masu karɓar saƙon hormon na mata ne, HER2 kuma wani furotin ne da ke kan tantanin ƙwaya. Su ne ke faɗin ta wace ƙofa saƙon girma yake shigar wa ƙarin yayarka, kuma a nan ne ilimin da ka karanta zai yi mata amfani na gaske. In RE ya nuna akwai, sankararta da hormon na mata take ci, kuma akwai tamoxifen, ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 a rana, shekara biyar zuwa goma, tsohon magani mai araha wanda ke rage mutuwa daga irin wannan sankara da kusan kashi ɗaya cikin uku. In HER2 ne ya yi yawa, abin da ake samu a kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu sankarar nono, akwai trastuzumab, wanda ke kama wannan furotin a kan tantanin ƙwayar tun daga waje. Tun 1998 ake amfani da shi, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance wani makamancinsa mai rangwamen kuɗi. Ta jijiya ake ba da shi, galibi duk sati uku, ana kuma duba zuciya lokaci zuwa lokaci. Har yanzu yana da tsada, amma in za a taɓa gona saboda magani, irin wannan ne, bayan likitan sankara ya rubuta da hannunsa. In duka ukun babu, to shimiyo ne babban makaminta, kuma irin wannan ƙari sau da yawa yana jin shimiyo sosai.

In ba ka ga layukan a takardar ba, ba sai an sake yankarta ba. Naman da aka ɗauka ana ajiye shi cikin ɗan dunƙulen kaki a ɗakin awon. Ka koma wurin likitan ka tambayi inda yake, ka nemi a yi masa wannan awo ko a ba ku shi ku tafi da shi. Kuɗin farko da ya kamata ku kashe ke nan.

Maganar mai a abinci, a mayar mata da shi yau. Jiki da kansa yake ƙera maiƙon tantaninsa, ƙwayar sankara ma haka, hana ta man gyaɗa ba zai sa ƙari ya ji yunwa ba, ita ce za ta rame. Mai shirin shiga shimiyo ƙarfi take buƙata. A ba ta wake, ƙwai, kifi, nama in an samu, fura da nono mai tsabta, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙulinsa. Kai ka kawo labarin maiƙon gidan, kai ya kamata ka je ka warware shi a gaban Inna, don daga bakinka za ta fi yarda.

Zancen daji ba ya son allura kuwa, na san inda ya samo asali. Mace za ta ɓoye ciwo shekara ɗaya ko biyu, a yi shafe-shafe da saƙe-saƙi, sai ya fashe yana wari sannan a kai ta asibiti. A yi mata allura, bayan wata uku ta rasu, sai a ce allura ce. Ba wanda ke lissafa shekara biyun da aka yi a gida. Ina kyautata zaton maƙwabciyar da yayarka ta gani haka nata ya kasance. Waɗanda aka kama nasu da wuri suka warke ba sa yawo suna shela, suna nan cikinmu a kasuwa da gidajen biki da ɗankwalinsu, ba ka sani ba. Addu'a da rubutu a ci gaba da su, ba su hana komai. Abin da nake roƙo a bari shi ne tsaga, da ɗaura garin magani a kan nonon, da haɗiye-haɗiyen da likita bai san da su ba, don wasu suna wahalar da hantar da za ta tace shimiyo.

Ɗana, akwai abin da na lura da shi a wasiƙarka. Ka cika ta da sunayen magunguna, amma abin da yayarka ta ce jimla ɗaya ka ba shi. Ita ba ta ce tana shakkar shimiyo zai yi aiki ba. Cewa ta yi ba za ta zauna ba gashi ba nono a gaban kishiya ba. Wannan tsoro ne na mace mai shekara 36 da ke ganin za ta zubar da ƙima a ɗakin mijinta, kuma ba ƙwayar da za ta zo daga Indiya ta amsa shi. Kai kuma, don kana ƙaunarta kuma ƙane ba ya iya zaunar da yayarsa ya yi mata maganar nono, ka tafi neman hanyar da za ta raba ku da wannan zance gaba ɗaya. Ban ga laifinka ba. Sai dai sati shida sun tafi a haka.

Wanda zai iya amsa tsoron nan mijinta ne, kuma "duk abin da kuka yanke" ba amsa ba ce, zame jiki ne. Ka sami kawunku ko wani babba da yake jin nauyinsa, ku je ku same shi a waje, ba a gidan ba. Abin da ake nema gare shi ya fi kuɗi: ya shiga ɗakinta ya faɗa mata da bakinsa cewa ita yake so a raye, da nono ko babu, kuma kwananta da matsayinta suna nan. In zai iya raka ta tafiyar farko, ya fi komai. Ita kuma kishiyar, kada ku yanke mata hukunci tun ba a tambaye ta ba. Sau da yawa ita ce ke riƙe yara in uwar tana Yamai, kuma in aka sa ta cikin shawarar tun farko da mutunci, ta fi zama abokiyar rufin asiri.

Ita Yaya, a faɗa mata gaskiya ba ragi. Gashi zai zube, yawanci sati biyu zuwa uku bayan ƙarin ruwan farko, kuma zai fito bayan an gama. Za ta ji tashin zuciya da kasala na ƴan kwanaki bayan kowane zagaye, akwai magungunan hana amai da ake haɗawa da shi, ta nema in ba su ishe ta ba. Al'ada tana iya ɗaukewa, wani lokaci ta dawo wani lokaci a'a. Dalilin fara shimiyo kafin aiki shi ne a rage ƙarin, kuma yadda ya ragu yana cikin abin da likitan fiɗa zai duba kafin ya ce ga irin aikin da za a yi. Kada ka yi mata alkawarin ba za a cire nonon ba, ba a hannunka yake ba. Ka roƙi ma'aikatan jinya su haɗa ta da wata da ta gama nata ta koma gida, ko ta waya ce. Minti goma da irin wannan mata ya fi duk bayanin da ni da kai za mu yi. Daga ƙarshe jikinta ne, ita za ta ce e ko a'a. Ku dai roƙe ta abu ɗaya tak a yanzu: ta je ta ji daga bakin likitan sankara, ba tare da ta ɗauki alkawarin komai ba. Zuwa da kai ya fi aike.

A Yamai akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, wadda tun 2021 take da na'urar gashin ƙari da haske, abin da a da sai an fita waje. Akwai kuma dokar gwamnati ta 2007 da ta sa kula da sankarar mata cikin ayyukan kyauta a asibitocin gwamnati. Ku tambayi ofishin jin ƙai na asibitin abin da ta ƙunsa a yanzu da takardun da ake buƙata, amma ku tafi da guzurinku. Tafiya ce ta sama da kilomita 600, shimiyo kuma zagaye shida zuwa takwas ne galibi, duk sati uku, ga kuɗin mota, masauki, awon jini kafin kowane zagaye, da maganin da wata rana za a ce ku sayo a farmasi. Ka zauna da biro ka yi lissafin wata shida, aikinka ne, sannan ka raba wa dangi kowa ya san nasa. Ka tambayi likitan Yamai ko akwai awo ko zagayen da za a iya yi a nan Maradi don rage zirga-zirga. In ta kai ga gonar, jingina ko sayar da amfanin bana ya fi sayar da ƙasar.

Ku tafi da takardar turawa, sakamakon nama, dunƙulen kakin in an ba ku, hotunan eko da duk wani awon jini, da katin shaidarta. Kafin a fara komai za a duba ko tana da ciki, kuma za a ce ta ɗauki matakin hana ɗaukar ciki har a gama. Ta bar likita ya zaɓa mata hanyar, don masu hormon ba su dace da mai sankarar nono ba. Ka kira lambar da ke jikin takardar turawar gobe da safe ka nemi rana, in ba lamba ka koma wurin likitan da ya rubuta ta ya haɗa ku.